Ziyarar Burunai A Agusta Da Satumba: Abin Da Ɗan Kasuwa Zai Tarar

BANDAR SERI BEGAWAN — Tsakanin watan Agusta da na Satumba, sa'ad da marka ke zuba a Nijeriya, manoma na jiran kaka, cinikin amfanin gona kuma ya ɗan lafa, ɗan kasuwa kan sami sararin yin balaguro don neman sababbin hanyoyi. Mafi yawan masu nufar Asiya kan tsaya ne a Dubai ko Guangzhou ko Kuala Lumpur. Ba safai ake tunawa da Burunai ba, wata 'yar ƙaramar ƙasar Musulmi a gaɓar arewacin tsibirin Borneo, wadda mutanenmu suka fi sani ta labarin dukiyar Sarkinta. Ziyararta na da amfani, amma fa ga wanda ya san abin da zai je nema. Wanda ya nufe ta da niyyar sayar da kaya jibgi guda, kuɗin jirginsa ma da wuya su dawo.

Faɗin ƙasar duka murabba'in kilomita 5,765 ne, watau ba ta kai Yankin Babban Birnin Tarayya na Abuja girma ba. Jama'arta ba su cika rabin miliyan ba. Ƙaramar Hukumar Alimosho kaɗai a Jihar Legas ta ninka ta yawan mutane. Kimanin kashi 80 cikin 100 na mazaunanta Musulmi ne, mabiya mazhabar Shafi'iyya. Ta sami cikakken 'yancin kai daga Birtaniya a ranar 1 ga Janairu, 1984, a ƙarƙashin Sultan Hassanal Bolkiah, wanda ya hau gadon sarauta a 1967. Shi ne Sarki na 29 a jerin sarakunan gidansu, kuma shi ne Firayim Minista.

Yanayi da kalandar aiki

Burunai na kusa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka babu hunturu babu bazara irin tamu. Zafi kan kai maki 31 zuwa 33 da rana, ya sauka zuwa kamar 24 da dare, ga gumi mai yawa irin na Fatakwal. Watannin Agusta da Satumba suna ƙarshen lokacin iskar kudu maso yamma, gabanin ruwa mai ƙarfi da kan kankama daga Oktoba zuwa Janairu. Duk da haka ana samun tsawa da yayyafi da la'asar, don haka laima ba ta rabuwa da jakar matafiyi.

Babban abin lura a waɗannan watanni shi ne hayaƙi. A shekarun da fari ya yi tsanani, gobarar daji da ƙone gonaki a Kalimantan da Sumatra ta ƙasar Indunusiya kan turnuƙe sararin yankin baki ɗaya, kamar yadda hazo kan rufe Kano a watan Janairu. A 1997 da 2015 da 2019 abin ya kai ga rufe makarantu da soke tashin jirage a sassan Maleshiya da Indunusiya. Mai ciwon asma ya kamata ya yi guzurin maganinsa, mai alkawarin ganawa kuma ya bar rarar kwana guda a jadawalinsa.

Sa'an nan sai batun ranakun aiki, inda baƙi da yawa kan yi tuntuɓe. Ofisoshin gwamnati suna rufe ne ranakun Juma'a da Lahadi, suna buɗewa ranar Asabar. Tun daga 2012 doka ta wajabta wa dukan kantuna da gidajen abinci da ofisoshi su rufe daga ƙarfe 12 zuwa 2 na ranar Juma'a saboda salla. Agogon Burunai yana gaba da na Nijeriya da sa'o'i 7. In ma'aikaci ya buɗe ofis da ƙarfe 8 na safe a Legas, a can ƙarfe 3 ne na yamma, an kusa tashi. Ma'anar wannan ita ce, mai son daidaita takardun banki tsakanin ƙasashen biyu ba shi da lokaci sai 'yan sa'o'i kaɗan daga Litinin zuwa Alhamis.

A 'yan shekarun nan bikin Mauludi ma ya faɗo cikin wannan tsakani: a tsakiyar Satumba a 2024, da makon farko na Satumba a 2025. Ranar hutu ce, kuma Sarki da kansa kan jagoranci jerin gwano a titunan babban birnin. Abin kallo ne ga baƙo, sai dai ba ranar neman sa hannun jami'i ba ce.

Tushen arzikin

Wanda ke son fahimtar Burunai sai ya hau mota ya yi yamma kamar kilomita 100 daga babban birnin zuwa garin Seria. A nan aka haƙo mai a 1929, shekara 27 kafin na Oloibiri. Har yau ana ganin injinan zuƙo mai suna sunkuyawa suna ɗagowa a bakin hanya, ga kuma hasumiyar da aka kafa a 1991 don tunawa da cikar ganga biliyan guda daga wannan fili. Kamfanin Brunei Shell Petroleum, wanda gwamnati da Shell ke da rabi-da-rabi a cikinsa, shi ne kan gaba wajen haƙar.

Kusa da nan, a Lumut, akwai masana'antar daskarar da iskar gas wadda ta fara lodi zuwa Japan a 1972. Nijeriya ba ta yi lodinta na farko daga Bonny ba sai a 1999. Wannan rata ta shekara 27 tana cikin dalilan da suka sa ƙaramar ƙasar ta tara abin da ta tara, domin gas ɗin da wasu suka daɗe suna ƙonewa a iska, ita ta mai da shi kwangila mai dogon zango.

Da wannan kuɗi ne gwamnati ke ɗaukar nauyin jama'a. Babu harajin kuɗin shiga a kan ɗaiɗaikun mutane. Ilimi kyauta ne ga 'yan ƙasa, asibitin gwamnati kuma dala guda ake biya. Ana tallafa wa farashin fetur da shinkafa. Dalar Burunai darajarta ɗaya da ta Singafo bisa wata yarjejeniya ta 1967, ana kuma karɓar takardun kuɗin kowace ƙasa a ɗayar. Ga ɗan kasuwar da ya ɗanɗana faɗuwar Naira, wannan kwanciyar hankali ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai rijiyar ba ta ƙaruwa. Haƙar mai ta kai ƙololuwa a 1979 da fiye da ganga 200,000 a rana, amma a 'yan shekarun nan tana wajen 100,000 ko ƙasa da haka. Faɗuwar farashi ta 2014 ta jefa kasafin kuɗin gwamnati cikin giɓi na shekaru da dama, matasa masu takardun shaida kuma suna jiran aikin gwamnati da ba ya isar kowa. Tun kafin nan ma ƙasar ta sha ɗaci a 1998, lokacin da kamfanin Amedeo na ƙanen Sarki, Yarima Jefri Bolkiah, ya durƙushe da bashi mai yawa. Ƙasar dai tana da shirin Wawasan 2035, wanda burinsa shi ne rage dogaro da sayar da ɗanyen mai.

Abin da shirin ya fi cim ma ya zuwa yanzu shi ne sarrafa man da gas ɗin a cikin gida. A 2019 matatar Hengyi ta fara aiki a tsibirin Muara Besar, da ƙarfin tace tan miliyan 8 a shekara. Kamfanin ƙasar Sin ne ke da kashi 70, Burunai na da 30. A 2022 masana'antar takin zamani ta Sungai Liang ta fara fitar da yuriya, da ƙarfin fiye da tan miliyan 1.3 a shekara. Hanya ɗaya ce da wadda Nijeriya ta bi a Lekki da Eleme, saboda haka a wannan fanni ƙasashen biyu sun fi kama da kishiyoyi a kasuwa.

Inda ƙofa take

Ƙofar da ta fi dacewa da 'yan kasuwarmu ita ce ta abinci. Burunai na shigo da mafi yawan abin da take ci, ciki har da shinkafa daga Tailan da shanu daga Ostireliya. Amma ƙofar ƙunci gare ta. Dokar Naman Halal ta 1998 da Dokar Shaidar Halal ta 2005 sun ɗora wa Majalisar Addinin Musulunci ta ƙasar alhakin tantancewa. Ba a shigo da nama sai daga mayankar da jami'an Burunai suka je suka duba suka amince da ita. Kasancewar mai kaya Musulmi ba ya wadatarwa. Takarda ake nema, wadda ta nuna asalin kowane sinadari da yadda aka sarrafa shi da inda aka adana shi.

Wannan tsanani shi ne hajar da ƙasar ke tallatawa. Ta mayar da hatiminta na halal tambarin ciniki, ana liƙa shi a kan kayan da aka sarrafa don sayarwa a waje. Mai riɗi ko citta ko zoɓorodo ko ƙaro da ke fitar da kayansa a buhu ba tare da suna ba, zai ga yadda ƴar alama a jikin fakiti ke ƙara wa kaya daraja. Darasin ya fi odar da zai samu, domin kasuwar mutum rabin miliyan ba ta cinye kwantena da yawa, kuma kayan da ke zuwa tashar Muara daga nesa galibi sai an sauya musu jirgi a Singafo ko Maleshiya.

Dabara ita ce a haɗa tafiyar da ta Kuala Lumpur, inda ake gudanar da baje-kolin kayan halal na MIHAS, wanda daga 2022 zuwa 2025 aka riƙa yin sa a watan Satumba. Daga can zuwa Bandar Seri Begawan tafiyar kamar sa'o'i biyu da rabi ce a jirgin sama. Bugu da ƙari, Burunai memba ce ta ƙungiyar ASEAN tun 1984, mai jama'a fiye da miliyan 600, kuma harajin kamfanoni a ƙasar kashi 18.5 ne cikin 100. Masu tunanin kafa ƙaramar masana'anta da abokin hulɗa na can za su iya tuntuɓar Hukumar Bunƙasa Tattalin Arzikin ƙasar.

Masu harkar banki su ma suna da abin gani. An kafa asusun TAIB a 1991 don taimaka wa jama'a tara guzurin aikin Hajji ba tare da ruwa ba. Bankin Musulunci na BIBD shi ne mafi girma a ƙasar, gwamnati kuma tana fitar da sukuk mai gajeren wa'adi tun 2006, alhali Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta fitar da nata na farko ne a 2017.

Ladubban baƙunci

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Nijeriya, sai ta Dubai ko Singafo ko Kuala Lumpur, kuma ɗan Nijeriya na bukatar biza tun kafin ya tashi. Ana jin Turanci ko'ina, ko da yake harshen hukuma Malay ne. Wanda ya iya ajami zai yi mamakin ganin allunan kantuna da rubutun Jawi, watau Malay da haruffan Larabci, ɗan'uwan wanda ke jikin takardun Naira.

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura. Ba a sayar da giya a ƙasar. Taba sigari ana biya mata haraji kara-kara a filin jirgi. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi kisa ne, don haka kada kowa ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba. Dokar hukunta laifuffuka ta Shari'a, wadda aka fara aiwatarwa a 2014 aka kammala a 2019, ta shafi baƙi ma, kuma keɓancewar namiji da macen da ba muharramarsa ba laifi ne. Sukar gidan sarauta a bainar jama'a ba abin wasa ba ne. Ana nuni da babban yatsa maimakon manuniya, ana miƙa katin kasuwanci da hannun dama ko da hannu biyu, ba a kuma ɗaga murya a wajen ciniki.

Kwana uku sun isa a ga abin da ya kamata. Masallacin Omar Ali Saifuddien, wanda aka kammala a 1958, yana tsakiyar birni da ƙubbarsa ta zinariya. Na Jame' Asr Hassanil Bolkiah, wanda aka buɗe a 1994, yana da ƙubba 29. Daga bakin kogi, ƙaramin kwalekwale mai inji zai tsallakar da mutum zuwa Kampong Ayer, tsohuwar unguwar da aka gina a kan turaku bisa ruwa, da makarantunta da masallatanta. Fadar Nurul Iman mai ɗakuna 1,788 daga nesa za a hango ta, domin sai da Ƙaramar Salla ake buɗe ta ga jama'a. Da dare kasuwar Gadong ce wurin cin abinci mai araha, inda za a ga ainihin abin da mutanen ƙasar ke saye da farashinsa. Mai sauran lokaci ya bi gadar Temburong mai tsawon kilomita 30, wadda aka buɗe a 2020 ta haɗa sassan ƙasar biyu da yankin Limbang na Maleshiya ya raba.

Motocin haya kaɗan ne a birnin, bas-bas kuma kan tashi aiki da wuri, saboda haka ya fi kyau a shirya mota ta hannun otal. Wajibi ne kuma a nemi alkawarin ganawa a rubuce makonni kafin tafiya, a zo da samfurin kaya da takardun gwajinsu. Gani ya kori ji, amma a Burunai wanda ya zo da takarda shi ake saurara.