Yadda Jirgin Ƙasa Ya Juya Fuskar Kano Daga Hamada Zuwa Teku

Tun zamanin da, idan attajirin Kano ya yi tunanin tijara mai nisa, arewa yake duba, wajen ayarin raƙuma da ke ratsa Hamada zuwa Tarabulus, ko kuwa yamma, wajen Gwanja, inda fatake kan kora jakuna watanni ƙarƙashin jagorancin madugu kafin su komo da goro. Wannan tsari, wanda kakanni suka gada kuma suka gadar, shi ne layin dogo ya warware cikin 'yan shekaru kaɗan bayan isowarsa Kano a 1911.

Turawan mulkin mallaka sun fara aikin ne daga Baro, a bakin kogin Kwara, a 1907, zamanin Gwamna Girouard, sa'an nan aka haɗa shi da layin da ya taso daga Ikko. Kuma haƙiƙa muradinsu auduga ce, domin masaƙun Ingila suna matuƙar bukatarta, har suka ɗauka cewa ƙasar Hausa za ta zame musu gandu. Amma manomi yana da nasa hisabin, wanda ba a tambaye shi ba: ya lura cewa masaƙan gida suna sayen audugarsa da farashin da ya fi na Bature, alhali gyaɗa ba ta wahalar da ƙasa, ana shuka ta tare da gero, kuma idan kasuwa ta faɗi iyali za su ci, mata su fitar da mai da ƙuli-ƙuli. Saboda haka, daga 1912, buhunan gyaɗa suka riƙa kwararowa tashar Kano fiye da abin da taragu za su iya kwashewa. Lalle wannan hikima ta talaka ta cancanci a ambace ta, gama shi ne ya zaɓa wa jirgin kayan da zai ɗauka.

Fatake ma ba su tsaya makokin tsohuwar hanya ba. Waɗanda suka ƙware a cinikin goro, masu jari da amintattun yara a ƙauyuka, su ne suka zama masu sayen gyaɗa ga kamfanonin Turawa, kuma mafi shahara cikinsu shi ne Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, wanda kuma ba a ambaton dalar gyaɗa ba tare da an tuna sunansa ba. Goron kansa sai ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya kawo shi da ɗanyensa. Kuɗin wuri suka ba sule da kwabo wuri, musamman da yake da su ake biyan haraji.

Daga nan rassa suka miƙe: na Zariya zuwa Jos domin kuza, na Fatakwal zuwa Inugu a 1916 domin kwal, na Ƙauran Namoda a 1929, na Nguru a 1930, har Maiduguri a 1964. Kaduna ta karɓi hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Kafanchan da Funtuwa da Gusau suka bunƙasa albarkacin tasha. Akawuna da makanikai daga Kudu suka cika Sabon Gari, inda aka keɓe su daga mutanen birni, keɓewar da illarta ta daɗe tana bibiyar al'umma. Cikin ma'aikatan reluwe ne kuma aka sami Michael Imoudu, jigon babban yajin aikin 1945.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, duk wanda ya dubi taswira zai ga layukan nan sun nufi bakin teku biyu kawai, Ikko da Fatakwal, domin an shimfiɗa su ne a fitar da albarkatun ƙasa, ba a sada garuruwanmu da juna ba. Shi ya sa Sakkwato, cibiyar Daular Usmaniyya, da Katsina, matattarar malamai, Turawa suka tafi ba su kai musu dogo ba.