BABI NA HUƊU: FENTI MAI TSOTSE WARI A ƊAKUNAN FAGGE DA SABON GARI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren fenti da masu sana'ar shafa shi. A wannan babi kuwa za a dubi wani nau'in fenti da kamfanoni ke cewa yana tsotse warin ɗaki. An ɗauki gidajen da ke kewaye da Titin Ibrahim Taiwo a Kano a matsayin misali. Manufar babin ita ce a fayyace abin da wannan fenti zai iya yi da wanda ba zai iya ba, domin kada magidanci ya kashe kuɗinsa a kan bango alhali cutar tana wani wuri dabam.

4.1 Yanayin Wurin

An raɗa wa wannan titi sunan Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Jihar Kwara, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976, rana ɗaya da Janar Murtala Muhammed. Titin ya bi ta gefen Fagge da kasuwar Kantin Kwari, kuma ba shi da nisa da Sabon Gari. Fagge tsohon zango ne na fatake a bayan ganuwa, wanda ake danganta kafuwarsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Sabon Gari kuwa Turawa ne suka yanka shi a wajen 1913 domin baƙi, bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911.

Kasuwanci ya sa fili ya yi tsada a yankin. Gidaje da yawa an mai da gabansu shaguna, an cike tsakar gida da ɗakunan haya, mutane da dama suna tarayya a bayan gida ɗaya. Taga ta ƙanƙance, wata ma katangar maƙwabci ta toshe ta. Da damina kuma kwatoci sukan cika su tumbatsa, kamar yadda ambaliya ta shiga Kantin Kwari a 2022. Waɗannan abubuwa su ne tushen warin ɗaki a yankin.

4.2 Wari a Wurin Bahaushe

Bahaushe bai ɗauki wari a matsayin abu guda ba, kowane iri da sunansa. Akwai zarni na fitsari, da ƙarni na kifi ko ɗanyen nama, da ƙauri na abin da ya ƙone, da hamami na jiki ko tufa, da ɗoyi na ruɓa ko kwata, sai kuma warin fumfuna da laima ke haifarwa. Wannan rabe-rabe ya dace da binciken kimiyya, domin kowane wari da iskar da ke ɗauke da shi. Alal misali, zarni daga iskar amoniya yake, wadda dangin kanwa ce. Ɗoyin kwata kuwa akasari daga iskar haidirojin salfaid yake, mai warin baragurbin ƙwai, ita kuma dangin tsami ce. Saboda haka abin da ya kashe wani wari ba lalle ne ya kashe wani ba.

4.3 Bangon Ɗaki Jiya da Yau

Kafin zuwan siminti, da tubali da ƙasa Bahaushe ke gina ɗaki. Akan yi yaɓe, a kare bayan gini da makuba ko laso saboda ruwa, a shafe ciki da farar ƙasa, musamman gab da Salla ko kawo amarya. Bangon ƙasa yana da ƙananan kafofi, yakan sha laimar ɗaki idan ta yi yawa, ya sake ta idan iska ta bushe. Sauran warin da ya rage kuma mata kan danne shi da turaren wuta.

Da aka koma ginin bulo da siminti sai fentin kanti ya maye gurbin farar ƙasa. Akwai fentin ruwa, akwai kuma fentin mai da ake sirkawa da kananzir ko tina. Shi fentin mai yakan toshe kafofin bango, kuma shi kansa yakan yi kwanaki yana fitar da wari mai sa ciwon kai. Wato ke nan, abin da fenti mai tsotse wari ke ƙoƙarin yi shi ne maido wa bango wani aiki da bangon ƙasa ya saba yi tun da.

4.4 Yadda Fentin Yake Aiki

Hanyoyi huɗu ne masu haɗa wannan fenti suka fi bi.

(a) Hanyar kamawa: Akan zuba garin ziyolait ko gawayin da aka sarrafa a cikin fentin. Ziyolait ma'adini ne mai ɗimbin ramuka da ido ba ya gani, wanda masani Axel Cronstedt na ƙasar Suwidin ya raɗa wa suna a 1756. Iskar wari takan shiga ramukan ta maƙale.

(b) Hanyar kashe tsami: Akan yi fentin da farar ƙasar da aka gasa dutsenta sannan aka jiƙa. Ita dangin kanwa ce mai ƙarfi, don haka tana kashe iskar da ke da tsami, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin kunu, tana kuma hana fumfuna tsirowa. Kamfanin Kansai na Japan yana yin irin wannan fenti da sunan Ales Shiquy.

(c) Hanyar haske: Akan yi amfani da wani nau'in farin garin taitaniyam wanda ke wargaza iskar wari idan hasken rana ya sauka a kansa. Masana biyu 'yan Japan, Fujishima da Honda, su suka bayyana tushen wannan aiki a 1972.

(d) Hanyar ɗaurewa: Akan sa sinadarin da ke haɗuwa da iskar fomaldihaid ya riƙe ta. Wannan iska tana fitowa daga gam ɗin da ake manne katakon gado da na sif na zamani. A 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa cutar, a 2010 kuma hukumar ta ƙayyade kada ta wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki.

4.5 Iyakar Amfaninsa

Da farko, kaurin fenti shafi biyu bai wuce na takardar rubutu da yawa ba. Ramukan da ke cikinsa sukan cika, kuma idan suka cika aikin ya tsaya har sai an sake shafawa. Na biyu, fentin farar ƙasa ba ya maganin zarni, tun da shi da amoniya duk dangin kanwa ne. Na uku, fentin da ya dogara da haske ƙarfinsa kaɗan ne a ɗakin haya mai ƙaramar taga da labule mai kauri. Na huɗu, idan laima tana hawowa daga harsashin gini, fentin zai kumbura ya ɓare, fumfuna ta dawo. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu mafi haɗari shi ne, ba kowace guba ce ke da wari ba. Hayaƙin janareta da na garwashin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu suna ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma takan kashe mutane cikin barci. Fenti ba ya kare mutum daga gare ta. Ke nan rashin wari ba shaida ba ce ta lafiyar iskar ɗaki.

Inda fentin ya fi amfani shi ne busasshen ɗaki mai sababbin kayan katako, kamar ɗakin amarya, wanda bisa al'ada akan yi wa fenti, a yi jere, sannan a kulle har ranar tarewa. Ko a nan ma, buɗe taga na wasu kwanaki kafin a tare ya fi fentin rage gubar.

4.6 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa fenti mai tsotse wari yana rage wasu nau'o'in wari ne kawai, na wani ɗan lokaci. A gidajen Fagge da Sabon Gari, yashe kwata, da toshe yoyo, da faɗaɗa taga, da nisanta janareta daga ɗakin kwana su ya kamata a gabatar, fenti ya biyo baya. Babi na gaba zai dubi kalmomin aro da sana'ar fenti ta shigo da su cikin harshen Hausa.