Kanji, Gaisuwa da Hausar Kurfai

Tun da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa na Nijar a watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, mutane da dama suka ɗauka zance ya ƙare, alhali doka ba ta koya wa yaro baƙi da wasali.

Misalin Japan yana nuna irin tsarin da ake bukata. Japanawa suna rubutu da kanji, wato alamomin da suka aro daga Sin, waɗanda kowace take ɗauke da ma'ana. Alamar 日, mai nufin rana, zane huɗu ce kacal, tana cikin gaisuwar yini ta "konnichiwa" da kuma sunan ƙasar, kuma tana cikin alamomi 80 da ɗan aji ɗaya yake koya. Hukuma ce ta kasa alamomi 1,026 aji-aji a shekaru shida na firamare, don haka malami ya san abin da zai koyar bana da abin da zai bar wa na gaba.

A Nijar kuwa, ƙasar Kurfai, wadda Filinge take tsakiyarta a kwarin Dallol Boso, ba baƙuwar rubutu ba ce, domin almajiran allo sun daɗe da sanin baƙaƙen Larabci waɗanda ake rubuta ajami da su, Abzinawan maƙwabta kuma suna da nasu rubutun, tifinag. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya tsara rubutun boko na harsunan yankin, aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973, aka kuma tsayar da ƙa'idar rubutu a 1999, amma duk da tsawon wannan tarihi, da yawa daga yaran karkara har yanzu da Faransanci suke fara karatu, harshen da ba a gaisawa da shi a gidajensu. Akwai kuma batun karin harshe, wanda ake yawan tsallakewa: Bakurfaye "lahiya" yake amsa gaisuwa, littafin da aka bugo daga Zariya kuwa "lafiya" yake nuna masa, kuma malamin da ba a horar ba yakan ɗauki furucin yaron a matsayin kuskure.

Ma'aikatar ilimi ce ya kamata ta fitar da jerin kalmomin da ɗan aji ɗaya zai iya rubutawa kafin damina ta rufe makaranta, ta buga littattafan, ta kuma horar da malaman Filinge da kewaye, tunda shekara fiye da hamsin ta isa gwaji.