Biyan mai barazanar tona asiri ba ya rufe masa baki

Wani saƙon murya yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwa da na tsofaffin ɗalibai. Mai maganar yana ba da shawara ga duk wanda aka yi wa barazanar watsa hotonsa na tsiraici: wai ya lallaɓa ya biya sau ɗaya a wuce wurin, kada ya kuskura ya doshi hukuma, domin shi za a fara tsarewa, balle in ya haura kwana uku bai faɗa ba. Wanda ya naɗi wannan saƙo, ko ya sani ko bai sani ba, aiki yake yi wa ɓarayin nan kyauta.

Ƙananan maganganun cikinsa ba sa buƙatar dogon bayani. Saɓanin abin da ya ce, amsa kiran bidiyo kaɗai ba ya kwashe kuɗin banki, sai dai ana iya naɗar fuskarka. Kuma ba mata kaɗai abin ke ci ba: a Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya kan wannan ta'asa, ya ce gungun da ya bankaɗo maza manya ya fi farauta.

Mai cutarwar ita ce ta "biya ka yi shiru". Ba na ganin baiken wanda ya gaskata ta. Budurwar da aka sa wa rana, ko magidancin da ke jan sallah a unguwa, in ya ga saƙon "turo dubu hamsin kafin Magariba ko na tura wa surukanka", tare da jerin sunayen danginsa da aka kwaso daga Facebook, hankalinsa ba zai tsaya lissafi ba. Amma ranar da kuɗi suka shiga, ranar ce ɓarawo ya tabbatar kana jin tsoro kuma kana da abin bayarwa, sai ya mayar da kai saniyar tatsa. Jordan DeMay, ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka, an nemi dala 1,000 a hannunsa a Maris na 2022. Ya tura 300, ba su saurara masa ba, ya kashe kansa cikin sa'o'i kaɗan. Wa da ƙane ne daga Legas suka yi masa haka, Samuel da Samson Ogoshi. An miƙa su Amurka a 2023, a 2024 kowannensu ya sha ɗaurin shekara 17 da rabi.

Batun kwana uku kuwa, gaskiya aka ɗauko aka murɗe. Dokar laifukan intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, ta wajabta wa masu gudanar da tsarin kwamfuta, irin su bankuna da kamfanoni, su kai rahoton kutse cikin sa'o'i 72. Maganar harin da aka kai wa na'urori ce, ba wa'adi ba ne a wuyan wanda ake yi wa barazana. Shi kuwa mai karɓar kuɗi ta hanyar tsoratarwa, sashe na 291 na dokar Final Kod ya kira shi mai laifi, ko da abin da yake iƙirarin tonawa gaskiya ne.

Ba zan rantse cewa kowane jami'i zai karɓe ka da mutunci ba. Akwai masu gori, akwai masu neman na goro. Shi ya sa ba a zuwa a kaɗaice: a tafi da lauya ko wani babba a gida. Marar hali ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Kafin nan, kada a goge komai. A ɗauki hoton hirar, da lambar waya, da lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, sannan a toshe mai barazanar, a kai ƙara cibiyar 'yan sanda ta yaƙi da laifukan intanet ko EFCC. Shafin StopNCII na manya da Take It Down na 'yan ƙasa da shekara 18 suna taimakawa wajen hana hoton hawa manyan shafukan sada zumunta, ba tare da ya bar wayarka ba.

Iyaye da yayye, sauran aikin naku ne. Ƙarfin ɓarawon nan duka yana cikin tsoron da yaro ke yi muku. In ya zo ya faɗa, ku fara tsayawa a bayansa. Faɗa da nasiha su biyo baya.