Gidan Sarki na Fanisau: Gidan gona da ya fara a matsayin ribaɗi

A garin Fanisau da ke Ƙaramar Hukumar Ungogo, arewa da birnin Kano, akwai tsohon gidan gona na Sarkin Kano wanda ya yi kimanin shekara 200 da kafuwa. Jama'a sun fi saninsa da Hawan Fanisau, ziyarar da Sarki kan kai can a lokacin bukukuwan Sallah, amma tun asali ba don shaƙatawa aka gina shi ba.

Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, shi ne ya mayar da Fanisau ribaɗi domin tare hare-haren Ɗan Tunku daga arewa. A can ne matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya gana da shi a 1824. Gonakin da ke kewaye da gidan suka zama gandun sarki, kuma bayi ne suka riƙa noma su. Ba kasafai ake tuna wannan ɓangare na tarihin ba idan ana kallon dawaki ranar hawa.

Irin waɗannan gidaje da tubali ake gina su, wato curin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka busar a rana. Katanga kan yi kauri daga tushe, ta riƙa sirancewa zuwa sama, abin da ke sa ɗaki ya yi sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu. Ana rufi da azara, itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin ɗaki ya wuce kimanin mita 2, sai magina suka ƙware wajen ɗaura su a jere su tayar da bakan gizo, har zaure ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Daga waje kuma a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kafa indararo don zubar da ruwan sama.

Sai dai ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina, ga shi maginan da suka iya aikin suna raguwa, yayin da faɗaɗar birnin Kano ke mayar da gonakin Ungogo filayen gina gidaje.