Jinka, Kes ko Tubali: Ɗakin Sana'ar Dattijo a Mallawa

Duk wanda ya taɓa yin rani a ƙauyukan Mallawa, a Nijar, ya ga yadda ake ɗora jinka. A ƙasa ake ɗaure tsaikon, a fili, a jera itace da kara, a ɗaure da igiya tamau, wani lokaci har a baibaye shi da shuci tun yana ƙasa. Sannan a kira samarin unguwa su kewaye shi, wani ya ba da murya, su ɗaga gaba ɗaya. Sai ka hangi rufin ɗaki yana tafiya bisa ƙafafun mutane, har a sauke shi kan bangon da ke jiransa. Zanar da za a kewaye ɗakin da ita ma, sau da yawa a kasuwa aka sayo ta, saƙaƙƙiya, naɗaɗɗiya, aka ɗauko a amalanke.

Na kawo wannan ne saboda wani yayi da ake yi a ƙasashen Turawa. Akwai kamfanoni da ke ƙera ƙaramin ɗaki a masana'anta, su kawo a mota, su kafa wa mutum a bayan gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Cikin masu saye akwai waɗanda suka yi ritaya, masu son wurin zane, ko sassaƙa, ko rubutu. Can ma abin ya daɗe. Marubucin nan George Bernard Shaw, wanda ya rasu a 1950, yana da ƴar bukkar katako a lambun gidansa a Ingila, an ɗora ta bisa wani ƙarfe mai juyawa, yana tura ta tana bin rana. Kowa da kiwon da ya karɓe shi: shi rana yake nema, mu gudunta muke. A Ostireliya kuwa, tun shekarun 1990 dattawa suka fara haɗuwa a rumfunan aikin hannu don maganin kaɗaici, har suka kafa ƙungiya ta ƙasa a 2007. To ɗakin da ake haɗawa a wani wuri a zo a dasa, mun san shi tun kaka da kakanni. Abin da ba mu cika yi ba shi ne ware shi don dattijon da ya ajiye aiki.

Za a ce manomi ba ya ritaya, kuma da gaskiya. Amma akwai ranar da zai bar wa ƴaƴa ragamar gandu, ya koma leƙa gona da safe kawai. Akwai kuma ma'aikacin da ya ƙare ƙarfinsa a Damagaram ko Yamai, da wanda ya yi shekaru yana cin rani a Kano ko Legas, duk su dawo gida. Tsohon ma'aikacin gwamnati yana jiran fanshonsa daga CARENI, na kamfani daga CNSS. Kuɗin, ko sun isa ko ba su isa ba, ba sa gaya wa mutum inda zai nufa da hantsi. Ya je majalisa yau, ya je gobe, hirar ita ce dai ta jiya. Ya zauna cikin gida, mata su takura, shi ma ya takura.

Haka ta faru da kawuna, tsohon mushe da ya koyar a lakwal fiye da shekara talatin. Tun yana saurayi ya iya ɗinkin hula, aiki ya raba shi da allura, ritaya ta mayar masa. Da fari a zaure yake zama. Zaure kuwa hanya ce: mai sallama, mai talla, almajiri, jikoki, kowa ta nan zai bi. Ranar da ya tashi salla ya dawo ya tarar akuya ta tauna rabin hular da ya yi mako uku a kanta, sai ya ce magana ta ƙare. Ya tafi wurin wani mai walda ya sa aka ƙera masa kes irin na masu cajin waya, bango kwano, rufi kwano, ƙofa da kwaɗo. Aka kawo a amalanken shanu aka dire a gefen gida. Cikin sanyin Disamba ne, kawu ya yi ta yabon kansa.

Na koma a Afrilu na same shi a gindin dogon yaro, kes ɗin a kulle. Na gaishe shi na ce, "Kawu, ina aka baro ofis?" Ya ce, "Kai dai bari, ɗan nan. Shiga ka gani." Na buɗe, zafi ya buge ni kamar na leƙa tanderun burodi. Wata kyandir da ya manta a kan teburi ta lanƙwashe ta kwanta.

Laifin ba na mai walda ba ne, abin da aka ce ya yi shi ya yi. A wannan yanki zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40 a inuwa, kwano kuwa siriri ne, da rana ta taɓa shi sai ya zuba zafin ciki nan take. Kwantenar da wasu ke sha'awa, mai tsawon mita shida da faɗin mita biyu da ɗan wani abu, ita ma ƙarfe ce, ga tsadar kawo ta daga bakin teku. Wanda ya riga ya sayi kes kada ya jefar. Ya kafa dirkoki ya yi masa rumfar zana a sama, a bar tazarar kamu biyu tsakanin rumfar da kwanon don iska ta ratsa, ya jingina wata zanar a bangon yamma, a yi silin da tabarma, a yanka taga biyu masu kallon juna. Abin da muka yi wa na kawu ke nan, ya zama wurin da mutum zai iya zama har azahar.

Ɗakin zana da jinka shi ne mafi araha, kuma ya fi kowanne shan iska. Gamba da shuci da kara duk na gida ne, kwana biyu an gama. Abokan gabarsa uku: gara, gobara da ƙura. Gara tana cin dirka daga ƙasa, don haka ake babbaka gindin itacen ko a shafe shi da baƙin mai kafin a binne. Gobara kuwa, duk wanda ya ga yadda wuta ke tsallake danga da iskar hunturu ba sai an ce masa ya nisanta ɗakin daga murhu ba. Mai tufkar igiya, mai saƙar tabarmar kaba, mai sassaƙar ƙota, wannan ɗaki ya ishe su. Wanda aikinsa takarda ce da tawada, kamar malamin da ke rubuta Alƙur'ani da ka ko mai zayyanar allo, ƙura da yoyo za su ɓata masa aikin wata guda cikin dare ɗaya.

Irin wannan, a ganina, ya haƙura da gaggawa ya yi na tubali. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ta sako shi ciki sai dare, lokacin da mai aiki ya riga ya kulle ya tafi. Matsalar ita ce rufi. Azara ta yi tsada, giginya ta yi ƙaranci, kuma mutanen Magaria da Matamai da Mirya, waɗanda duniya ta san su da rainon gawo a gonakinsu tun shekarun 1980 har ƙasa ta sake yin kore, ba za su so a koma saran itace don rufin ɗaki ba. Akwai mafita da ta daɗe a Nijar: gini ba itace, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara gwadawa a 1980 a Chikal, yankin Filinge. Dabara ce ta mutanen Nuba na kudancin Masar, a jera ƙananan tubala a karkace suna jingine da juna har rufi ya haɗe kamar baka ko tulluwa, ba azara ba kwano. Wata ƙungiyar, La Voûte Nubienne, ta ɗauki irin wannan gini a Burkina Faso tun 2000. Sharaɗin wannan gini biyu ne, kuma ba wasa a cikinsu: maginin da aka horar da shi a kan wannan aiki, da yaɓe kafin kowace damina. A ƙasar jigawa irin tamu sai an nemo yumɓu daga fadama, wannan ma a sa shi cikin lissafi tun farko.

Girma ba shi ne ba. Mita uku da huɗu ya ɗauki teburi, buzu, akwatin kayan aiki da baƙo ɗaya. Inda za a dasa shi ya fi muhimmanci. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, ƙofar da ta kalli gabas ruwa za ta sha. Yamma kuma ranar la'asar. Saura kudu da arewa, a nan za a yi ƙofa da taga, amma tagar arewa a yi mata murfi saboda hunturu. A ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu da kamu guda. Kuma a tuna idon ɗan shekara sittin ba na ɗan ashirin ba ne: zare cikin kafar allura yana son haske, don haka teburin ya zauna kusa da taga. Ƙaramin faifan sola da batir zai ba da ƙwan fitila ɗaya da fanka.

Akwai wata magana da ba a son faɗa. Mafi yawan masu dawowa gida gidan gado suke dawowa, wanda ba a raba ba. Ka zuba bulo da siminti a filin da kai da ƴan'uwanka kuke da haƙƙi a kai, ka shuka wa ƴaƴanka rigima. A nan ne ɗakin da ake iya ɗagawa ya yi rana: jinka a ɗauke ta, zana a naɗe, kes a ɗora a amalanke. Wanda ya zaɓi tubali ya tara ƴan'uwa ya faɗa musu tukuna, in da hali a gaban mai gari ko liman.

Kada kuma a ɗauka maza kaɗai nake nufi. Tsohuwar da ke saƙar faifai, ko kaɗi da mazari, ko malamar asibitin da ta ajiye aiki ta sayi keken ɗinki, ita ce ma ta fi buƙata, domin ɗakinta na kowa ne: nan jika zai kwanta, nan za a ajiye kayan amarya. Ƴar rumfa mai ƙyaure a bayan ɗakinta ta isa ta bar aiki a shimfiɗe, ta dawo ta same shi yadda ta bari.

Gina ɗakin ma ya fi tsare shi sauƙi. Da kaka ta yi za a ce a ɗan ajiye buhun wake biyu kafin kasuwa ta yi kyau. Baƙo ya zo, a ce ya ɗan kwana. Yaro ya tashi aure, a fara kallon ɗakin da gefen ido. Kawu ya sha wannan gwagwarmaya da matarsa, wadda ta ga kes mai kwaɗo ta ce ai ga rumbun da ɓera ba ya shiga. Sulhun da aka yi, buhu ɗaya tal ya shiga, shi ma kawu ya mayar da shi kujerar baƙi.

Zuwana na ƙarshe a kan buhun nan na zauna. Huluna huɗu na rataye a ƙusa, wani ɗan kasuwa mai zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya riga ya biya kuɗin biyu. A bakin ƙofa jikansa ɗan shekara tara yana fama da wani ƙyalle da allura, harshe a waje. Kawu ya karɓa ya duba ta saman tabarau, ya warware layi biyu, ya miƙa masa ya ce, "Sake."