An yi aikin hanji, an dawo gida: jinin fa?

Ƴan uwa mata, idan aka yi wa wani namu aikin sankarar hanji aka sallamo shi, gida kan cika da ƴan barka. Kowa ɗinki yake dubawa: ya kama? Ya bushe? Amma akwai abin da ido bai cika gani da wuri ba, wato ƙarancin jini. Shi ke sa ɗinki ya warke sarai, amma mutum ko buta ya kasa ɗagawa.

Jinin nan tun kafin aiki ya fara tafiya. Ƙarin da ke cikin hanji yana tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan cikin bayan gida, wata da watanni, mu kuwa muna ta cewa basir ne, ana ta jiƙe-jiƙe. Ranar aiki a ƙara zubar da wani. Bayan aiki kuma, muddin ciki na da kumburi, hanji ba ya tsotsar sinadarin ƙarfe yadda ya kamata, alhali da shi jiki ke haɗa sabon jini. Shi ya sa wani lokaci ƙwaya ba ta wadatarwa, sai likita ya sa maganin ta jijiya, ko ya ce a ƙara jini.

Mai jinya, ki duba tafin hannu da cikin fatar ido. In sun yi fari, ga jiri, ga haki daga ɗaki zuwa bayi, zuciya na dukan uku-uku, to kar a jira ranar da aka ba ku. Awo ne ke raba gardama: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awon jinin mace marar ciki in ya gaza 12, na namiji in ya gaza 13, akwai ƙarancin jini. Ki roƙi a rubuta maki lambar a takarda, ki riƙa zuwa da ita. In jini ya yi ƙasa sosai, ana iya ɗaga maganin sankarar da ke biyo bayan aiki, ita kuwa cuta ba ta jira.

Ƙwayoyin ƙarin jini kun san su, dangin waɗanda ake ba mu a awon ciki ne. Suna baƙanta bayan gida, wannan ba komai. Amma in ya fito baƙi kamar kwalta, yana danƙo da wari, ko aka ga jan jini, a koma asibiti ranar. Kar a sha su da shayi, yana hana su aiki. Lemun tsami ya fi. Kar a daina don an ji sauƙi, sau da yawa sai an ƙara wata 3 bayan awo ya daidaita. Maganin ciwon jiki na ƴan talla, irin su diklofenak da asfirin, yana iya sa ciki zubar jini. A bar shi.

Ga abinci, in likita ya yarda: hanta, nama, kifi, wake, zogale. Jan zoɓo launi ne kawai, ba jini ba ne. A kwana cikin gidan sauro, don masassara ma cin jini take.

To, ina namu aikin? Asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, yana nan kusa da mu, amma ana iya tura mutum Tawa, ko Yamai inda Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa take, sama da kilomita 400 daga Malbaza. Kuɗin aiki dangi kan haɗa shi da gudu, a sayar da akuya ko buhun albasa. Kuɗin mota na komawa awo da na magani su ne ke gagara daga baya.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, dubararmu ɗaya ce: a tanada tun kafin buƙata ta zo. A zaman asusu mai zuwa, kowace ƙungiya ta tsayar da abin da za ta fidda daga kuɗin taimako don awon bayan aiki. A kuma rubuta sunayen mazajenmu da samarinmu masu lafiya da suka yarda su ba da jini, don kar a tashi nemansu da tsakar dare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.